Kifin da Ba Ya Iya Ɓoye Yunwa

Tabarau aka aike ni in kai wa Baba, rana ta kusa faɗuwa. Ya manta shi a kan rediyo, Mama kuwa ta ce idan aka miƙa masa Littafi Mai Tsarki a taron dattawan coci, ko harafi ɗaya ba zai gani ba.

"Yi sauri, Lilian. Ki ba shi ki dawo kafin duhu. Kin san yadda gari yake."

Na san yadda gari yake. Shekarar ce mutanen Michika da Mubi suka kwararo Yola suna gudun rikici, wasu a bayan tirela, wasu da ƙafa. Gidanmu a Damilu ɗan ƙarami ne, amma Baba ya buɗe ƙofa bai tambayi kowa daga ina ba. Tsohon abokinsa na kwalejin malamai, Baba Nicodemus, ya zo da matarsa da jikoki da maƙwabta, har da waɗanda a hanya kawai suka haɗu. Falo ya koma ɗakin mata. Maza suna kwana a baranda.

Bari in gaya muku wane ne babana, don in ba ku san shi ba labarin nan ba zai shige ku ba. Absalom sunansa, amma duk unguwa Hedimasta ake ce masa, ko da yake ya daɗe da yin ritaya. Mutum ne da ke goge takalmi kafin ya fita zubar da shara. Karin wandonsa kamar bakin wuƙa. Ban taɓa ganinsa a tsakar gida ba safa ba, ban kuma taɓa jin ya roƙi maƙwabci ko gishiri ba.

Ni kuwa lokacin na gama digirina a kan kifi da kiwonsa, ina jiran bautar ƙasa, kaina cike da dabaru. Yau in ce mu yi kiwon tarwaɗa a tsofaffin durom, gobe in ce a haƙa rami a bayan kicin a zuba karfasa. Baba Nicodemus ya raɗa mini suna Farfesa.

Abinci bai isa gidan ba. Amma ba wanda ya faɗa, kuma nan ne matsalar take. Baƙi suna jin nauyin masu gida, masu gida suna jin kunyar baƙi. Za a ajiye tiren tuwo, kowa ya ɗan taɓa, ya wanke hannu, ya ce ya ƙoshi. Kullum sai malmala ɗaya ta rage a tsakiyar tire, kowa yana kallon wani wuri daban, har ta huce a kwashe a raba wa yara. Baba ma ko zama ba ya yi. Da yamma sai ya sa kwat, ya ɗauki jakarsa ta fata, ya ce akwai taron dattawa kan maganar agaji.

"A can ake ba mu abinci. Ku ci, kada ku rage mini."

Wani lokaci yakan dawo da ƙullin leda, ƙananan kifaye a ciki. Wai wani tsohon ɗalibinsa ne masunci yake ba shi don miya.

Ran nan da safe ina taya Mama gyara su, sai na ga ɗaya yana motsi a ƙasan kwano. Na jefa shi cikin kwalbar ruwa, na ɗaga wa rana. Don murna har rawa na taka, domin a littafi kawai na san shi.

Ɗan dangin tarwaɗa ne, amma bai wuce ɗan yatsa ba, siriri, a matse ta gefe kamar ganyen darbejiya. Ba shi da ɓawo. Gashin bakinsa takwas ne, sirara kamar zaren gizo-gizo. Gadon bayansa sumul, ba fiffike, sai wani ɗan tsiro can kusa da wutsiya. Ta ƙasa kuwa fiffike ɗaya ne dogo, tun daga ciki har wutsiya, yana kaɗawa kamar bakin zani. Launi fa? Babu. Sai 'yan ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masa masoro. Jikinsa garau yake kamar gilashi. Ga ƙashin baya a jere, gaɓa bayan gaɓa. Ga 'yar jakar iskar da ke riƙe shi a tsakiyar ruwa tana ƙyalli. Ba ya zaman kaɗaici, garke-garke suke yawo a Binuwai da tafkunan da kogin ke cikawa in ya tumbatsa, suna tsintar ƙananan ƙwarin ruwa.

Na fita da kwalbar baranda ina nuna wa kowa.

"Ku duba nan. In ya ci abinci ana gani, sai wurin ya yi duhu. In bai ci ba ma ana gani. Wannan kun ga, cikinsa wayam. Kuma da zarar ya mutu sai ya yi fari kamar madara, ga 'yan'uwansa can a kwano."

Baba Nicodemus ya karɓi kwalbar ya jujjuya, ya miƙo mini.

"Farfesa, mai da abin nan ruwa. Allah ya raba mu da irin wannan jiki. Da haka aka yi mutum, ai ba mai fita kasuwa."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Baba ya sa maɓallin kwat ɗinsa na ƙarshe.

To, mu koma ranar tabarau.

Harabar coci cike take da masu gudun hijira, tabarmi a ko'ina, hayaƙin itace yana cin ido. Na leƙa ɗakin taro, sai buhuna da jarirai masu barci. Wata mata da ke tuƙa tuwo a bakin ƙofa ta dube ni.

"Hedimasta? Wane taro? Dattawa ran Asabar da safe suke zama." Ta nuna da muciya. "Kullum dai ina ganin shi yana wucewa ta baya. Hanyar Geriyo."

Geriyo tafki ne a bayan unguwarmu, inda ake noman rani. Me Baba zai je yi can da kwat? Da na koma gida na ce ban same shi ba, da shi ke nan. Amma ƙafata ta riga ta kama hanya.

Gidaje suka ƙare. Na shiga fadama. An yanke shinkafa, sai kututture da warin laka da ƙonannen tattaka. Manoma sun tashi, injinan ban ruwa sun yi shiru. Can baya, daga cikin gari, ana kiran sallar magariba, iska tana kawo shi guntu-guntu. Balbelu suna wucewa ta kaina za su kwana. Kwaɗi sun fara.

A gindin wata ciyawa mai tsayi na ga takalmi.

Baƙi, gogagge, an jera shi kai da kai. Safa a naɗe a ciki. Kwat da riga a ninke a kan jakar fata, an ɗora dutse don iska.

Na ɗaga ciyawar a hankali.

Babana ne, Hedimasta, tsaye cikin ruwa har gwiwa, daga shi sai singileti da wando a nannaɗe. A hannunsa tsohon gidan saurona na makarantar kwana, ya ɗaure shi a kara biyu yana jan sa cikin ruwa. Ya ɗaga, ya duba, ya tsinci 'yan abin da ya kama ya sa a leda, ya sake sunkuyawa. Hannuwansa sun zama kamar sanda. Ashe kwat ɗin ne ke cika shi.

Kunya ta rufe ni kamar ni aka tuɓe a kasuwa. Ban san ko tasa nake ji ba, ko tawa ta ganin abin da bai kamata 'ya ta gani ba. Na durƙusa a bayan ciyawa, na ce a raina zan juya in tafi, kuma har in mutu ba zai san na zo ba.

Sai kwaɗi suka yi tsit.

Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Sannan ƙamshi ya zo. Tuwo mai zafi. Miyar kuka da daddawa, an kwarara man shanu. Yunwar da nake ɓoyewa ta taso mini.

Na sake leƙawa. Can gaba da Baba kaɗan akwai wani tudun yashi a cikin ruwa. Ɗazu ba kowa a kansa. Yanzu ga wata tsohuwa zaune, ta lulluɓa da baƙin zani, ƙwarya a gabanta an rufe da faifai, tururi yana fita ta gefe. Kusa da ita 'yar fitila aci-balbal. Iska tana kaɗa ciyawa, amma harshen wutar ko gezau.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sannu da aiki. Bismilla."

Baba ya miƙe zumbur. Ya ɓoye gidan sauron a bayansa, kamar ɗalibin da aka kama.

"Na gode, Dada. Na ƙoshi."

Yana rufe baki ƙafarsa ta taka gaba. Na ga mamaki a ƙeyarsa, don ba shi ya taka ba. Ruwa ya kai masa cinya.

Wani sauti ya taso, siriri, kamar yayyafi a kan kwano daga nesa. Kifayen ne. Dubbai. Sun kewaye shi, ba a ganin komai nasu sai ƙyallin jakar iska da ɗigon idanu.

"Ko loma ɗaya, Malam. Da zafinsa."

"Mun gode Allah. Yanzu na ci a gida."

Ya sake takawa. Ruwa har ƙugu.

Tsohuwar ta ɗauki fitilar ta ɗaga. Hasken ya ratsa tafin hannunta, na ga ƙasusuwan yatsunta a jere.

Baba yana tsakanina da fitilar. Ya kamata ya tare mini ita.

Bai tare ba.

Ina ganin harshen wutar ta cikin bayan babana.

Singiletin ta jiƙe ta manne, ta zama ba ta rufe komai. Ga ƙashin bayansa, gaɓa bayan gaɓa. Ga haƙarƙari. Ga zuciya tana bugawa da sauri. Ƙasa da ita, ga tumbinsa a lanƙwashe kamar ledar da aka yar.

Wayam.

Na cusa zanina a baki.

A bayan tsohuwar, inda hasken ya kai, akwai mutane tsaye cikin ruwa har ƙirji. Wani da hula zanna. Wata da ɗankwalin zumuntar matan coci. Wani da lakatayi a wuya. Dukansu garau, ana ganin ruwa ta cikinsu. Sun matsu wuri ɗaya, sun fuskanci gefe ɗaya, ba mai motsi. Na can gefe-gefe sun fara yin fari.

"Kada ka damu da su," in ji ta. "Duk masu kunya ne. A wurinmu ba a tambayar mutum ko ya ci. Ana gani. Ba ka gaji ba, Malam?"

Ta ɗora hannu a kan faifan.

"Saura sau ɗaya in yi maka tayi."

In na yi magana zai san na gan shi. In na yi shiru zai tafi. Ku yarda da ni, sai da na auna su biyun, don na san wanda shi zai zaɓa.

Na fito daga ciyawa.

"Baba."

Kafaɗunsa suka tsuke. Bai juyo ba.

"Koma gida, Lilian."

"Na kawo maka tabarau."

"Na ce ki koma."

"Baba, gaya mata gaskiya." Na matso bakin ruwa. "Ni ma yunwa nake ji. Mama ma. Jiya na ga Baba Nicodemus a bayan banɗaki yana tsotsar ɓawon raken da yara suka zubar. Kowa yana ji. Ba kai kaɗai ba ne."

Tsohuwar ta juyo da kanta a hankali. Idanunta ƙanana ne, baƙaƙe, ba sa ƙiftawa.

"'Yarka ce? Ita dai ba ta ɓoye ba. Zo, 'yata. Bismilla."

Ta ɗaga faifan.

Ban san lokacin da na shiga ruwa ba. Sanyi ya kama idon sawuna, ya hau gwiwa. Na so in kira sunan Yesu, harshena ya yi nauyi da miyau. Ƙamshin ya cika mini kai. Na wuce ta gefen Baba. Hannuna ya miƙe da kansa.

Tuwon fari ne tas.

Fari kamar madara.

Da na matso sai na ga gashin bakin kifi a jikinsa, sirara, birjik.

Yatsuna sun kusa taɓawa, wani hannu mai sanyi ya damƙe wuyan hannuna. Na duba. Ina ganin fatata ta cikin yatsunsa.

"Dada."

Muryar Baba ce, amma ba wadda ke tsawata wa ɗalibai ba. Wata 'yar ƙarama, a tsage.

"Yunwa nake ji."

Ya haɗiyi miyau. Na ga saukarsa.

"Na daɗe ina ji. Ban ci a gida ba, ban ci a ko'ina ba. Ni da 'yata yunwa muke ji. Amma a gida za mu ci. Akwai masu jiranmu."

Har yayyafin kifayen ya tsaya.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa.

"A gaban 'yarka," ta ce. "Ka ji kunya?"

"Na ji."

Ta mayar da faifan a kan ƙwarya, a hankali, ta gyara masa zama.

"To, tafi da kunyarka. Mai jin ta yana da sauran jini a jikinsa."

Ta hure fitilar.

Ruwa ya sake mu lokaci ɗaya, muka faɗi da baya cikin laka. Baba ya ja ni, muna rarrafe, muna zamewa, har muka kama ciyawa.

"Kada ki waiwaya," ya raɗa.

Ban waiwaya ba. Amma na ji. A bayanmu, cikin duhun ruwa, maƙogwaro masu yawa suna haɗiyar miyau.

Na kwashi kayansa a gindin ciyawar, sai da muka kai gonakin shinkafa kwaɗi suka dawo. Baba ya zauna a kan kunyar gona zai sa kaya da safa. Na juya masa baya na kalli fitilun gari. Da na ji ya ɗaure takalmi, na miƙa masa tabarau ba tare da na dube shi ba.

"Ba zan gaya wa Mama ba," na ce.

Ya goge tabarau da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"A'a. Ni zan faɗa."

Mun tarar an kusa tashi daga tire. Malmala ɗaya tana tsakiya kamar kullum, maza sun wanke hannu, kowa yana kallon wani wuri. Baba ya cire kwat a gaban kowa, ga laka har wuya. Ya ja buta ya wanke hannu, ya zauna kusa da abokinsa. Ya ɗauki malmalar ya raba biyu.

"Nicodemus, ba wani taro. Ba wani ɗalibi. Ni nake kamo kifin nan da gidan sauro. Yunwa nake ji, kai ma haka. Karɓi."

Baba Nicodemus ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Kafaɗunsa suna girgiza. Mama tana tsaye a ƙofar kicin, ta juya ta shige ciki. Can ya sauke hular, ya miƙa hannu.

"Absalom, tun a kwaleji ba ka iya rabo ba. Naka ya fi girma."

Washegari su biyun suka je coci suka shiga layin karɓar hatsin agaji, kowa da buhunsa a naɗe a hammata. Baba ya goge takalminsa kafin ya fita. Cikin masu rabon akwai waɗanda ya koyar tun suna zubar da majina. Suka rusuna suka ce, "Hedimasta, ina kwana," idonsu a ƙasa. Ya amsa wa kowa da sunansa, ya buɗe bakin buhu. Ina kallo daga nesa, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Bai fita daga layin ba.

Yau shekaru sun tafi. Baƙinmu sun koma garuruwansu, waɗanda suka sami abin komawa. A gidanmu har yanzu ba a cewa "na ƙoshi" sai in da gaske ne, kuma Mama ba ta tambayar baƙo ko ya ci, zuba masa kawai take yi.

Jikin Baba ya dawo tun a daren, sai dai ƙafafunsa daga idon sawu zuwa ƙasa. Ko zafin Yola ya kai ina, da safa yake kwana. Bara da ya kwanta rashin lafiya ni na wanke masa ƙafa, na ga zanen furen da ke gindin roba ta cikin tafin sawunsa. Tun daga ranar, duk zuwan da na yi sai na nemi dalilin canza masa safa. Garau nake so in gani. Ranar da na ga fari, na san abin da ya zo.

Dabarun nan nawa, ɗaya ta kama. Ina kiwon tarwaɗa a Yolde Kohi, ina da ma'aikata har da ɗan ofis. A ofishin na ajiye akwatin gilashi da garken waɗancan ƙananan kifaye, masu sayen kifi suna son tsayawa su kalla. Ban taɓa sa musu fitila ta baya ba. Kuma in na ji an ƙwanƙwasa ƙofa, nakan ce a ɗan dakata, in barbaɗa musu abinci, in jira sai cikin kowanne ya yi duhu, sannan in ce a shigo.